Lambun Paraska da Garmar Harasym

Harasym Dutchak mijin yayata ne, kuma tun ranar da ya fara zuwa zance gidanmu na san ni da shi ba za mu shirya ba. Ya zauna a bakin benci, hula a kan gwiwa, ya cinye yammaci guda yana kallon takalminsa. Da ya tafi na ce wa Paraska, "Yaya, wannan in kika aure shi, sai dai ki riƙa hira da murhu." Ta ce ai murhun ma yana ɗumama ɗaki. Ta aure shi.

Manomin alkama ne, ɗan manomin alkama. A gidan laka aka haife shi a nan ƙasarmu ta Saskatchewan mai tsananin sanyi da ƙanƙara, zamanin da iyayenmu ke ta tumɓuke kututture suna neman inda za su zuba iri. Ba ya shan giya sai a biki, bai taɓa ɗaga wa mace hannu ba, dawakinsa ma da gunaguni yake kora su, ba da bulala ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya ganin ƙasa a kwance ba a juya ta ba. Da an gama girbi, kafin ƙasa ta daskare, sai ya bi gonarsa da garma kaf, ya mai da ita baƙa wuluk, sannan barci ke ɗaukarsa. In ya wuce gonar maƙwabci ya ga kara a tsaye, sai ya kau da kai kamar ya ga mutum tsirara.

Lambun bayan gida kuwa na Paraska ne, kuma kashi biyu yake. Babban ɓangaren na dankali ne da kabeji da karas, abin da ake shukawa a cire a shekara ɗaya, shi Harasym ke nome mata duk kaka. Ɗayan siririn fili ne a jikin shinge, inda take ajiye abubuwan da ba sa mutuwa, sai dai su kwanta a ƙarƙashin ƙasa su tashi in ƙanƙara ta narke. Akwai rubab mai jan kara da tsami, wanda Innarmu ta tsaga mata daga nata ranar da aka kai ta ɗaki. Akwai saiwar hirin mai hawa hanci, wadda muke gogawa a kan nama ranar Ista. Akwai albasar nan da ba a shukawa sau biyu. Sai kuma abin alfaharinta, asfaragas, cimar Ingilishi, da ta koya tana budurwa lokacin da ta yi aikatau a gidan wani likita a birni. Daga iri ta tayar da shi, ta jira shi shekara uku ba ta yanki ko tsinke ɗaya ba, domin haka dokarsa take. In aka yi masa gaggawa, tushen ya raunana ya mutu.

Duk shekara in Harasym ya shigo da dawakai, Paraska takan tsaya a iyaka da tsintsiya a hannu. "Nan," take cewa. Shi kuma ya ja linzami ya juya. Fiye da shekara ashirin yana juyawa a inda ta ce, bai taɓa tambayar abin da ke bayan tsintsiyar ba. Shi dai ya san ana kawo masa a kwano, yana ci.

Shekarar da ya sayi tarakta ita ce shekarar da tari ya kama Paraska. Kafin girbi ta fara ganin jini a hankici. Aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa asibitin masu tarin fuka, can bakin tafki, tafiyar yini guda. 'Ya'yansu biyu sun riga sun bar gida, macen ta yi aure, namijin yana aikin layin dogo. Harasym ya rage daga shi sai kaji.

Sanyin farko ya sauka ya ƙone ganye. Rubab ya zube ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma, gashin asfaragas, wato siraran ganyensa, ya yi rawaya ya tsaya cirko-cirko kamar ciyawar da aka manta. Harasym ya duba, ya ga ƙazanta. Ya ce bari ya gyara wa matarsa wuri, in ta dawo kada ta tarar da aiki. Ya sare, ya tara, ya ƙona. Sannan ya hau sabuwar taraktarsa ya nome lambun tun daga bakin rijiya har jikin shinge, ya bi da haro mai haƙoran ƙarfe sau biyu don ƙasar ta yi laushi.

Wata Litinin da hantsi ina yanka kabeji ina zuba gishiri a ganga, sai ga shi a ƙofata da buhu. Bai ko gaishe ni ba. Ya zazzage buhun a kan daɓen da na goge da safe.

"Tekla, mene ne wannan?"

Na sunkuya na ɗauki guda. Guntun tushen rubab ne, ya yi baƙi, yana wari. Sauran kuma wasu saiwoyi ne da suka yi kama da tsohuwar igiya da kare ya tauna.

Na ce, "Ina ka samo?"

"A lambu."

"Wane ɓangare?"

"Duka."

"Harasym, har jikin shinge?"

"Ba ta nan balle ta ce mini 'nan.'"

Abin da na gaya masa ranar ba zan maimaita ba, domin na riga na kai shi gaban limamin coci. Na dai tuna na ce masa da taraktar ce ta je gidanmu zance da ta fi shi hankali. Ya tsaya ya shanye zagin kaf. Da na gaji na yi shiru, sai ya gaya mini abin da ya kawo shi.

Ashe jiya Lahadi ya je dubiya. Tun a ƙofa ma'aikaciyar jinya ta ja masa kunne, ta ce kada a gaya wa maras lafiya abin da zai tayar mata da hankali. Yana zama Paraska ta tambaye shi ko ya rufe rubab da taki. Ta tambaye shi ko ya bar gashin asfaragas a tsaye don ya tare dusar ƙanƙara ta lulluɓe tushen. A nan ya fara gane abin da ya yi. Ya buɗe baki, ya ce ya yi.

"Ta yi murmushi, Tekla. Ta ce in barci ya ƙi zuwa, lambun take bi a ranta, tushe bayan tushe, har ta kai ƙarshen shinge. Ta ce lambun ne zai dawo da ita gida."

Muka je na gani da idona. Ko teburin cin abinci bai kai wurin nan laushi ba. Saiwoyin sun yi kwanaki a sarari, rana ta gasa, sanyi ya cije, ba abin ɗauka.

Abin da ya cece shi hannun Paraska ne. A wurinmu in kaka ta yi, mace takan tono tsohon tushen rubab ta tsaga shi da shebur, ta mai da rabi, sauran ta ba amaryar shekarar. Paraska ba ta taɓa barin amarya ta wuce ta ba. Rubab ɗin Innarmu yana nan warwatse a bayan gidaje da yawa. Na ce masa ya ɗaura keken doki, za mu bi gida-gida, amma shi zai sauka ya roƙa da bakinsa, ni ina zaune a sama.

Mun fara da gidan Goggo Yustyna, wadda ta girme mu duka kuma ta fi ni baki. Labari ya riga mu isa. Muka tarar da ita a bakin lambu ta dogara da shebur.

Ta ce, "A'a, manyan baƙi. Kai ne ka yi wa rubab ɗin surukarka haro?"

"Goggo, kuskure ne."

"Kuskure sau biyu, na ji an ce. Tafi da dawowa. Matso nan, ɗan nan, ka ga yadda abin da kake ci yake tun yana raye."

Ta sa shi ya tona, ta nuna masa idanun tushen, jajaye kamar dunƙulen hannun jariri, ta ce kowane tsagi sai da ido, in babu ido itace ya ɗauka. Ta naɗe masa a tsohon buhu ta miƙa. Harasym ya cire hula.

"Goggo, na go…"

Ta sakar masa ƙotar shebur a bayan hannu. "Haɗiye ta. So kake ya mutu? Ba a yi wa shuka godiya. Ɗauki ka tafi kamar ka sata."

Haka muka yini. Mutumin da ya yi rayuwarsa ba ya son magana, ranar da kalma ɗaya ta cika masa baki an hana shi faɗa. A kowane gida sai ya tsaya yana murza hula, matar gida ta gasa masa magana son ranta, sannan ta ba shi. Amma ko ɗaya ba ta hana ba, kuma duk suka yi alkawari ba mai kai wa Paraska labari.

Na koya masa dashe kamar yadda ake koya wa yaro ɗaura takalmi. Rami mai faɗi, ruɓaɓɓen taki a ƙasa, ido ya kalli sama, ƙasa kaurin yatsa biyu a kai, ruwa bokiti guda. Karan alkama kuwa ba a rufawa sai ƙasa ta fara tauri, in an yi sauri ɓeraye su samu ɗakin kwana da abinci a wuri ɗaya. Albasa ma muka samo a maƙwabta.

Asfaragas ne ba mai shi, domin duk yankin gidan Paraska kaɗai ke cin abin nan. Harasym ya yi rarrafe a gindin shinge, yana tone toka da yatsa, har ya tsinto 'yan jajayen 'ya'yan da suka zube kafin ya ƙona gashin. Bai cika tafin hannu ba. Ya wanke irin, ya shanya a kan taga, da ƙanƙara ta narke ya shuka. Abin ya fito siriri kamar gashin jariri. Ya tambaye ni yaushe zai kai yadda yake a da. Na ce shekara uku, in bai sake kawo taraktarsa gaisuwa ba.

Hirin kuwa ya rama wa kowa. Duk guntun da haro ya yanka ya watsa, sai da ya tsiro. Ya fito cikin dankali, ya fito cikin karas, ya fito a hanyar rijiya. Harasym ya yi ta haƙa har ƙarshen ransa, bai ga bayansa ba.

Shekarar nan maza suka sa shi gaba. In ya shiga kanti sai wani ya ce, "Uwargida, yaya rubab?" Sai ya yi sayayyarsa ya fita. Ya dawo daga gona a gajiye ya durƙusa yana cire ciyawa a tsakanin zaren asfaragas da ɗan yatsa biyu. Duk zuwa dubiya kuma sai Paraska ta tambaya, shi kuma ya ƙara ƙarya a kan ta baya. Har ya ƙware. Yakan gaya mata rubab ya yi kauri bana, asfaragas ya fi ƙarfin tukunya.

Da rani likita ya ce in abubuwa suka tafi daidai za a sallame ta da kaka. Harasym ya rame. Yakan tsaya a bakin shinge yana kallon 'yan zaren nan kamar kallo zai sa su girma. Da kaka ta zo ya sa rigar coci ya tafi ɗauko ta. Ya dawo shi kaɗai.

Daga tasha gidana ya zarce. Na zuba masa miya, bai taɓa ba. Ya ce an sake ɗaukar hoton ƙirjinta, an ga tabo a ɗaya huhun, sai ta ƙara shekara. Na zauna na yi kukana. Da na share ido na ga har yanzu yana kallon kwanon.

"Tekla, akwai wata magana."

"Me kuma ka nome?"

"Da likita ya ce sai ta ƙara shekara, na ji sanyi a raina." Ya ture kwanon gefe. "Abin da ya fara zo mini ke nan. Na ce asfaragas zai samu lokaci. Tana zaune a gabana da kayanta a ɗaure, ni kuma abin da na ji ke nan."

Na so in zage shi, zagin ya ƙi zuwa, domin ya riga ni.

Na ce, "Saurara. Maganar garma, in ta dawo ka gaya mata, za ta ci mutuncinka ta huce. Wannan kuwa ka haƙa rami ka binne. Kada ka kuskura. Naka ne, kai za ka ɗauka."

Ya ce to.

Kaka ta sake zagayowa aka sallame ta. Ta dawo a karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, domin a shekarar ƙarshen nan likitoci sun yanke mata haƙarƙari don huhun ya huta. Ko mayafi ba ta cire ba ta ce in kai ta lambu. Ta dafa ni muka tafi a hankali, Harasym na biye da mu.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Gashin asfaragas ya kai ƙugu, ya yi rawaya, an bar shi a tsaye. Rubab na kwance ƙarƙashin taki. Paraska ta bi da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta sake dawowa.

Ta ce, "Wa ya ja igiya a nan?"

Ta nuna layin shukar da yatsa.

"Ni tunda nake ban taɓa shuka abu a miƙe ba. Wannan layin alkama ne. Kuma me hirin yake yi a wurin dankali?"

Harasym ya cire hula ya faɗa mata duka, tun daga sara har haro. Ta nemi bokiti ta kife ta zauna. Sannan ta buɗe masa wuta. Ashe huhu ɗaya ya isa. Ta kira shi sa, ta kira shi kututture, ta ce da ta san haka da tsintsiyar ta aura, ita ta san iyaka. Da na ba ta labarin Goggo Yustyna da ƙotar shebur sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta miƙa hannu ta shafa gashin asfaragas ɗin, ta ce, "Daga 'ya'yan nawa ne?" Ya ce daga su ne. Ta gyaɗa kai. Magana ta ƙare, kowa ya ga ta ƙare.

Sai na ga bakin Harasym yana motsi. Na yi gyaran murya. Na taka masa ƙafa. Mutumin nan an sauke masa kaya ɗaya, ya ji daɗin sauƙin, yana son a sauke masa na biyun.

"Paraska, da saura. Bara, da likita ya ce sai kin ƙara shekara, na ji sanyi a raina. Saboda wannan." Ya nuna layin.

Ta janye hannunta daga gashin.

"Bara," ta ce. "Shekarar da suka yanke mini haƙarƙari."

"Na ɗan lokaci ne. Kafin in kai ƙofa na…"

"Na ɗaure kayana ranar. Na raba wa 'yan ɗakinmu sabuluna."

"Na sani."

Ta ɗago ta dube ni. "Kai ni ciki, Tekla. Iska ta yi yawa."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ta dafa masa, ta wanke masa, ta zauna kusa da shi a biki. In ya yi mura ita ke shafa masa man zafi. Lokacin da asfaragas ya cika shekarunsa uku, da ƙanƙara ta narke, Harasym ya yanko na farko, kauri kamar babban yatsa, ya kawo mata a cikin hula. Ta karɓa, ta dafa da man shanu yadda matar likita ta koya mata, ta ajiye a gabansa. Ita kuma ta yanki burodi ta ci da shayi.

Haka aka yi shekara goma sha wani abu. Rubab tana ci, albasa tana ci. Asfaragas kuwa ta dafa, ta zuba wa baƙi, ta zuba wa jikoki, ba ta kai bakinta. Lambun ma ta bar masa, sai dai ta hango ta taga. Shi ya koma mai tsaga wa amare tushe duk kaka, ƙato da shi, yana bin gidaje da buhu. Na taɓa ce mata, "Yaya, ai ya isa haka. Mutumin nan ya biya." Ta ce, "Ba fushi nake ba, Tekla. Na gwada. Ba ya wuce mini maƙogwaro ne."

Duk shekara kuma sai ya kawo na farko a hula. Bai taɓa fasawa ba, bai taɓa cewa ta ɗanɗana ba. Yakan zauna ya cinye kwanon shi kaɗai, a hankali, kamar mai shan magani.

Paraska ta rasu da rani, a gadonta, yana riƙe da hannunta. Ya ba ɗansa gona da tarakta, ya riƙe lambun. Kakar ƙarshe da na gan shi a tsaye, na je kai masa burodi na tarar da shi a jikin shinge yana baza karan alkama. Ƙasa ta fara tauri, lokacin ya yi daidai. Ya tsufa, sai ya dafa shebur yake miƙewa.

Ya ce, "Tekla, in tambaye ki."

"Tambayi, bakinka ne."

"Da na yi shiru ranar nan, da ta ci?"

Na san abin da yake so in ce. Amma ban saba yi masa ƙarya ba, kuma tsufa ba lokacin koyon sabon hali ba ne.

Na ce, "Da ta ci. Har ta nemi ƙari."

Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka yake tsammani. Ya miƙo mini bakin buhun ya ce in riƙe masa, saura layi ɗaya. Na ajiye burodin a kan shinge na riƙe, muka ƙarasa rufewa. Ya rasu a tsakiyar hunturun nan, kafin abin da ya rufe ya tashi.